"Za Ta Girma a Ciki": Darasin da Takalmin Sukwash Ya Koya Mini

 

Yau da laifina zan fara. Na fi shekara 10 ina aikin jinya, na ga targaɗe da karaya ba adadi, na sha yi wa iyaye faɗa a kan sakaci, sai ga shi bara ni da hannuna na sayo wa 'yata takalmin da ya hana ta taka ƙafa yadda ya kamata har mako 3. Ta farin ce, don haka ku yi mini uzuri, ba za ku ji sunanta a bakina ba. Shekararta 11 a lokacin.

A wurin aikin babansu a nan Kaduna akwai gidan wasanni na ma'aikata, a cikinsa kuma akwai ɗakin sukwash. Ga wadda ba ta san wasan ba, mutum biyu ne ke shiga ɗaki mai bango huɗu, tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 6.4, daɓensa na katako. Kowa na riƙe da raket, suna buga wata 'yar ƙwallon roba baƙa da ba ta wuce ƙaramin lemon tsami ba a jikin bangon gaba, wannan ya buga wancan ya buga. A makarantar Harrow ta Ingila aka faro shi a ƙarni na 19, amma yau 'yan Masar ne ke jan ragamarsa, maza da mata. Nour El Sherbini, 'yar Iskandariyya, tana da shekara 13 ta ci gasar matasa ta duniya a 2009. A 2028 kuma za a buga shi karon farko a gasar Olamfik a Los Angeles ta Amurka.

Ni dai ba Olamfik ce ta ja ni ba. Abin da ya kwanta mini shi ne wasan cikin ɗaki ne: babu rana, babu idon jama'a, yarinya za ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu ta rufe kanta ta yi gumi son ranta. Ga shi na gaji da ganin ta kwance da waya. Da ta nuna tana so, ban yi gardama ba.

Kocin ya ce a zo da takalmin wasa. Na shiga kasuwa wurin 'yan gwanjo, na ga wani kambas na gudu mai kyau, ƙasansa da kauri kamar burodi, ka taka ka ji kamar kan katifa. Lambarta 37, shi kuwa 39 ne. Mai kayan ya ce, "Hajiya, ai gwara hakan, wannan sai ya kai ta shekara biyu." Maganar da nake son ji ke nan. Da ita aka raine mu: rigar Sallah a sayo da girma, takalmin makaranta a cusa takarda a gabansa. Na biya na taho ina jin na yi dabara.

Abu na farko da ya biyo baya shi ne kocin ya hana ta shiga da shi, ya ce ƙasansa baƙi ne zai zana masa katako. Na roƙe shi, ya duba ya ga bai zana sosai ba, ya ce ta shiga kafin a samo wani. Ya kuma ce, "Amma Hajiya, wannan na gudu ne fa, kuma ya yi mata yawa." Na ce to, a raina ina cewa duk takalmi ai takalmi ne.

Bayan mako biyu ina yanke mata farce na ga na babban yatsanta ya yi baƙi. Na san mene ne, jini ne ya kwanta a ƙarƙashinsa. Da yawa suna ɗauka takalmi matsattse ne kaɗai ke jawo haka. Babba ma yana jawowa, wani lokaci har ya fi. Duk sanda ta ruga ta tsaya cak, takalmin ya tsaya, ƙafar kuwa ba ta tsaya ba, sai ta zame gaba a ciki yatsan ya daki bakin takalmin. A wasa ɗaya ana yin irin wannan tsayuwa ba iyaka. Na gani, na gane, amma na ce bari wata ya ƙare a yi albashi.

Watan bai ƙare ba. Ranar wata Asabar ta miƙa ƙafa gefe za ta kai ga ƙwallo, tafin ya karkace ciki, ta zube. Kafin mu isa gida idon sawun ya kumbura kamar ƙwai.

Bari in tsaya a nan in yi bayani, don wannan shi ne zuciyar maganar.

An ƙera takalmin gudu ne don ƙafar da ke tafiya gaba kawai, taki bayan taki. Shi ya sa ake cika shi da soso mai laushi, a ɗaga diddigensa sama, a yi samansa da raga marar ƙarfi don iska. Mai sukwash kuwa da ƙyar yake yin taku huɗu a miƙe. Aikinsa tsayawa cak, juyawa, komawa gefe, da jefa ƙafa ɗaya gaba ya durƙusa a kanta. Ki gwada wannan yanzu: ki tsaya da ƙafa ɗaya a kan tabarma, sannan ki hau katifa ki sake gwadawa. A kan katifar za ki ji idon sawunki yana rawa yana neman wurin kamawa. Haka ƙafar yaro take a cikin takalmi mai soso da yawa. Ki ƙara da tudu: motar da aka yi wa lodi sama ita ce ke kifewa in ta sha kwana. Mafi yawan targaɗen idon sawu ta haka yake faruwa, tafi ya juya ciki, jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan ta gefen waje su miƙe fiye da kima ko su yage. Takalmin da na sayo ya haɗa duka ukun: tudu, laushi, da fili a ciki.

Takalmin sukwash na gaskiya ba shi da wannan ƙawar. Ƙasa-ƙasa yake, ƙafa na kusa da daɓe. Gefunansa da ƙarfi, sau da yawa ƙasansa ya ɗan baje ta gefen ƙaramin yatsa don ya tokare in an karkata. Ana ƙara fata ko roba a wajen babban yatsa, saboda ƙafar baya tana jan ƙasa in an durƙusa, nan ne yake fara hudewa. Ƙasansa kuwa roba ce mai taushi, yawanci launin zuma, mai kama katako ba tare da ta bar zane ba. Za ki ga an rubuta "non-marking" a jiki, wato ba ya zana daɓe. In babu rubutun, ki goga ƙasan da ƙarfi a kan farar takarda. Ya bar baƙi, ki ajiye shi.

Ba kowane shago ke da wanda aka rubuta wa sukwash ba, na sani. Kada wannan ya dame ki. Takalmin badminton, na ƙwallon raga da na ƙwallon hannu na cikin ɗaki duk dangi ne, daɓe ɗaya aka yi su dominsa. Asics na da wani mai suna Gel-Rocket, asalinsa na ƙwallon raga ne, amma masu koyon sukwash da yawa shi suke sawa don ya fi sauƙin kuɗi. Yonex ma na yin na badminton masu kyau. Na tanis kuwa ƙasansa ya fi tauri don an yi shi ne saboda filin waje, bai kama katako kamar waɗancan. Sai dai ki san jabu sun cika kasuwa, suna a jikin takalmi ba shaida ba ce. Hannunki ne shaida, zan faɗi yadda.

Amma kafin nan, awo.

Iyayenmu da tsinken tsintsiya suke auna ƙafar yaro su tafi kasuwa. Dabara ce mai kyau, matsalarta ɗaya: tsayi kawai take nunawa, ba ta nuna faɗi. Yaranmu kuma da yawa a silifas suka tashi, yatsunsu sun saba bajewa, sai ki ga tsayi ya yi daidai amma ƙaramin yatsa na kuka. Abin da nake yi yanzu shi ne in sa ta tsaya a kan kwali, tsaye ba zaune ba, nauyinta a kan ƙafafun biyu, sanye da safar da za ta yi wasa da ita. In zagaye kowace ƙafa da biro a tsaye, in auna da rula daga diddige zuwa yatsan da ya fi tsawo. Ki lura ba kullum babban yatsa ne ya fi tsawo ba, wasu na kusa da shi ne. Kuma da wuya ƙafafu biyu su zo daidai, don haka da babbar ake sayen takalmi. Ki yi awon da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura da wunin tafiya, haka ma in wasa ya yi zafi.

Lamba kuwa kada ki ba ta amana. Lissafin Turai daban, na Ingila daban, na Amurka daban, kuma 37 na wannan kamfani ba lallai ya zama 37 na wancan ba. A lissafin Turai, wanda muka fi sabawa da shi, tsakanin lamba da lamba kusan milimita 7 ne. Ke nan da na ƙara mata lamba biyu, na ƙara fiye da santimita 1 a kan filin da takalmin dama yake da shi. A ido ba komai ba ne. A ƙafar da ke tsayawa cak a guje, rami ne.

In da hali, ki je da yaron. Ki zaro shimfiɗar cikin takalmin ki ajiye a ƙasa ya taka ta, diddigensa daidai ƙarshenta. Nan za ki ga gaskiya da idonki. A gaban dogon yatsa ya kamata a samu kamar santimita 1, wato misalin faɗin yatsanki. In ƙafar ta zubo ta gefen shimfiɗar, takalmin ya yi masa siriri, kuma ƙara lamba ba maganinsa ba ne, a nemi wani mai faɗi. In aike za ki yi, ko babansu ne zai sayo daga tafiya, ki yanke zanen kwalin nan ki ba shi ya zura a ciki. Ya shiga a shimfiɗe babu naɗewa a gefe, da ɗan fili a gaba, to an kusa.

Kada ki dogara da tambayar "ya yi maka?" Yaron da ya ga launin da yake so zai ce ya yi ko da yana cizon sa. Wani kuma kunya ce ko tsoron kada a fasa saye. Danna gaban takalmi da yatsa ma yana ruɗi, don yara na naɗe yatsunsu in an danna.

Sai ya sa duka biyun, a ɗaure igiya har sama. Ki sa shi ya jefa ƙafa ɗaya gaba ya durƙusa a kanta da ɗan ƙarfi, ya sake da ɗayar. Yatsa ya taɓa gaba? Bai yi ba. Ya ɗaga diddige ya tsaya a kan yatsu: in diddigen na fita daga takalmin, zai yi masa bororo. Ya yi tsalle gefe da gefe ya tsaya: ƙafar ta zauna a kan ƙasan takalmin, kada ta tuntsuro ta gefe. Mai shago zai yi ta kallon ku, ƙila ya ce "Hajiya, ai zai buɗe in an saba." Ki yi murmushi kawai. Takalmin da ya yi ciwo a shago zai yi ciwo a fili, kuma yawancin na yanzu da roba da zare aka yi su, ba sa buɗewa kamar fata.

Ga gwajin hannu da na ce. Ki matse bayan takalmin, inda ke riƙe diddige, da yatsu biyu. Ya kamata ya yi tauri, kada ya lotsa. Ki riƙe gaba da baya ki murɗa kamar za ki matse wanki: mai kyau zai ƙi, ya ɗan juya kaɗan ya tsaya. Ki lanƙwasa shi: a wajen gindin yatsu ya kamata ya lanƙwasu, inda ƙafa ke lanƙwasuwa. Wanda ya naɗe biyu a tsakiya kamar silifas ba na wasa ba ne.

Akwai kuma wani ƙaramin rami na ƙarshe a can sama wajen igiya da kusan kowa ke bari fanko. Ni ma ban san amfaninsa ba sai da kocin ya nuna mini. Ki zura kowane bakin igiya a ramin gefensa ya yi 'yar ƙawanya, sannan ki ratsa kowace igiya ta cikin ƙawanyar ɗaya gefen, ki ja, ki ɗaure. Yana kulle diddige a baya, ƙafa ta daina zamewa gaba. Ga yaro mai siririn diddige da faffaɗan gaba, wannan kaɗai yana gyara abubuwa da yawa.

To gwanjo fa? Ba zan ce kada ki saya ba, don na san halin da ake ciki, kuma sabon na kirki kuɗi ne na gaske. Gwanjo mai kyau da ya yi daidai ya fi sabo jabu. Amma ki duba abu uku. Ki ajiye shi a kan tebur ki kalle shi ta baya: in ya karkata gefe, ya ɗauki takun mai shi na farko, zai kuma tura ƙafar ɗanki can. Ki danna farce a robar ƙasan: in ta bushe ta yi ƙyalli kamar leda, ta tsufa, za ta yi santsi a katako ko da zanen ƙasan bai goge ba. Ki kuma ja ƙasan daga jiki ki ga ko gam ya fara saki. In kin kawo gida ki wanke shimfiɗar ciki ta bushe sarai, ko ki canza ta, saboda ƙaiƙayin nan da saɓar fata na tsakanin yatsu yana son wuri mai ɗumi da laima.

Na san abin da ke ranki, don shi ne ya kasance a raina: in na sayi daidai, bayan wata shida ya yi kaɗan. Haka ne, zai iya yi. Ƙafar 'ya mace takan ci gaba da girma har wajen shekara 14, ta namiji har wajen 16. Abin da zan iya yarda da shi shi ne rabin lamba, in diddige ya kamu kuma an sa safa mai kauri. Lamba biyu kuwa a'a. Ni da na lissafa kuɗin hoton ƙashi, bandeji, mota, da takalmi na biyu da dole na saya daga baya, arahar ta fi tsadar tsada. In takalmin ya yi kaɗan bai lalace ba, ƙani zai gada, ko ki yi musaya da wata uwar a wurin wasan. Duk bayan wata 3 ko 4 ki sake zaro shimfiɗar ya taka.

Abin da zai sa ya daɗe shi ne kada a taka waje da shi. A jaka ake kai shi, a bakin ɗakin wasan ake sawa. Musamman lokacin hunturu: ƙura ta hau robar nan, sai ta koma kamar an shafa hoda, yaro ya zame. A goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma kafin a shiga. Bayan wasa a zaro shimfiɗar a shanya a inuwa, ba a rana ba, ba kuma a bar shi a cikin mota ba, zafi yana sakin gam. Farce kuma a yanke shi a miƙe, kada a zurfafa kusurwa, don kada ya shige nama.

In tsautsayi ya faru duk da haka, ga abin da nake roƙon ki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Kada a ja. Kada a gasa da ruwan zafi ko a murje da man zafi a kwana biyun farko, yana ƙara kumburi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan 'yan awoyi, a ɗaure da bandeji ba da matsi sosai ba, a ɗora ƙafar a kan matashi. In yaron ya kasa yin taku huɗu, ko kin danna kan ƙashin idon sawun kansa ya yi ƙara, a tafi asibiti a ɗauki hoto. Dalili shi ne a ƙarshen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da ƙashi ke ƙaruwa daga gare shi, kuma ya fi jijiyoyin rauni. Abin da zai zama targaɗe a jikin babba yana iya zama tsagewa a wannan wurin a jikin yaro, in kuwa aka kai wa mai ɗori ya ja, ana iya taɓa girman ƙafar. Kakarta ta so a kai ta a ja mata. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri a fara ɗaukar hoto tukuna." Alhamdu lillahi babu karaya.

Haka nan in yaro tsakanin shekara 8 zuwa 14 yana kukan ciwon diddige bayan wasa, yana ɗingishi da safe ko yana tafiya a kan yatsu, kada ki ce lalaci ne. Sau da yawa wurin girman ƙashin diddigen ne ke kumburi saboda yawan dira. Hutu da rage wasa yawanci suna isa, amma a nuna wa likita. Kuma tunda muna maganar kariya, kada ya shiga ba tabarau na musamman na wasan. Ƙwallon nan daidai ramin ido take.

Ku ma iyaye masu sha'awar shiga, don na ga mata biyu suna zuwa da safe bayan sun kai yara makaranta, kada ki ɗauko lambar da kike sawa kina budurwa. Ciki yana sassauta jijiyoyin ƙafa, ga nauyi, sai tafin ya ɗan baje ya ƙara tsayi, kuma sau da yawa ba ya komawa. Ni da 38 aka kai ni ɗaki, yanzu 39 nake sawa. Mai ciwon suga kuma ta riƙa duba ƙafarta bayan kowane wasa, don bororo na iya fitowa ba ta ji ba.

'Yar tawa ta koma wasa bayan mako 5, da takalmin ƙwallon raga mai ƙasa launin zuma, lamba 37 da rabi. Baƙin farcen ya faɗi, sai da ya kusa shekara kafin sabon ya cika. Kambas ɗin nan mai lamba 39 kuwa ni ya dawo wa, da shi nake zagayen unguwa da asuba.